Clarence Little: Wanda ya mayar da ɓera mai ba da shaida kan sankara, ya dawo yana ƙaryata shaidar

Akwai wata sankara da ke farawa a fata kamar abin wasa. Tabo ne ja, ko fari-fari a jikin baƙar fata, yana ɓarewa yana ƙaiƙayi, mai shi ya ɗauka kirci ne ko ƙyasbi, sau da yawa likita ma ya ɗauka haka. Akan yi shekaru ana shafe-shafe kafin a gane cewa wasu fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, dakarun garkuwar jiki, suka lalace suka tare a cikin fata. Sunanta limfomar fata. Wani likita a Faransa, Jean-Louis Alibert, shi ya fara bayyana nau'inta mafi yawa a 1806. Cutar ba ta cika yawa ba, tafiyarta kuma ta hawainiya ce, don haka mai neman maganinta ba ya samun isassun majinyata, ba ya kuma iya jiran shekara ashirin ya ga ƙarshen gwaji guda. Sai ya koma ga ɓera.

A wasu ɗakunan bincike akan ɗauki ƙwayoyin limfoma na ɓera a yi allurarsu a kunnen wani baƙin ɓera, a shafa wa kunnen sinadarin da ke tayar da kumburi, cikin 'yan makonni ƙari ya tsiro, a gwada magani a kansa. Jikin ɓeran ba ya korar baƙin ƙwayoyin, domin daga tsatsonsa suka fito, kuma duk ɓerayen wannan tsatso tamkar ɓera ɗaya ne da aka yi ta maimaitawa. Ana kiran tsatson C57BL/6. Wanda ya kafa asalinsa a 1921, ya kuma kafa al'adar yin irin waɗannan ɓeraye, wani Ba'amurke ne mai suna Clarence Cook Little. Binciken sankara na zamani yana tsaye a kan aikinsa. Jami'o'i biyu da ya shugabanta kuwa sun kankare sunansa daga gine-ginensu.

An haife shi ranar 6 ga Oktoba, 1888, a Brookline da ke gefen birnin Boston, cikin gidan tsofaffin masu arziki. Mahaifinsa mai kiwon karnuka ne na asali, don haka yaron ya tashi yana jin zancen iri da tsatso a gida. Ya shiga jami'ar Harvard a 1906, shekara shida bayan masana sun farfaɗo da dokokin gado na Gregor Mendel, lokacin da kowa ke ɗokin ganin iyakar abin da dokokin za su iya bayyanawa. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ya yi kyaftin na ƙungiyar guje-guje da tsalle-tsalle ta jami'ar. Ya faɗa hannun William Castle, ɗaya daga cikin malaman farko da suka gwada dokokin Mendel a kan dabbobi masu shayarwa, shi kuma ya ɗora shi kan nazarin yadda ɓeraye ke gadon launin gashi.

A 1909, yana ɗalibi, ya fara abin da makiyaya suka san hatsarinsa: barbara tsakanin wa da ƙanwa, a ɗauki 'ya'yansu a sake haɗa wa da ƙanwa, haka nan zuriya bayan zuriya. Galibin gidajen da aka yi wa haka sukan raunana, haihuwa ta ragu, su ƙare. Wanda ya tsira har zuriya ashirin kuwa, 'ya'yansa kan zama kusan iri ɗaya sak a ƙwayoyin gado, kusan kashi 99 cikin ɗari. Gidan da ya tsira a hannun Little na wasu ɓeraye ne masu launin ƙasa-ƙasa mai haske, aka sa musu suna DBA, kuma su ake ƙirgawa a matsayin tsatson ɓeran gwaji na farko a duniya. Amfanin abin a fili yake. Kafin nan, idan aka ba ɓeraye goma magani, biyar suka warke, ba mai iya cewa maganin ne ko bambancin halittarsu. Da ɓeraye iri ɗaya, mai bincike a Boston da mai bincike a Landan suna iya yin gwaji guda su kwatanta sakamako.

Nasararsa ta biyu ta fi zurfi. A zamanin masana na dasa ƙari daga wannan ɓera zuwa wancan, wani lokaci ya kama, wani lokaci ya narke, ba a san dalili ba. Ernest Tyzzer na Harvard ya lura cewa ƙarin wasu ɓerayen Japan yana kamawa a jikin danginsu, ba ya kamawa a jikin ɓeran gida, yana kamawa a jikin ruwa-biyun da aka haifa tsakaninsu, amma a jikokin sai ƙalilan ƙwarai. Kamar dai dokokin Mendel sun faɗi. A 1914, shekarar da ya sami digirinsa na dakta, Little ya kawo bayani: karɓar dashe ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da ita ba, masu yawa ne, kuma sai wanda aka dasa wa yana da dukkan waɗanda mai bayarwa ke da su. Shi da Tyzzer suka tabbatar da hakan da gwaji a 1916. Daga wannan tushe aka kai ga gwajin dacewar jiki da ake yi yau kafin a dasa wa mutum ƙoda, ko a dasa ɓargo ga mai sikila, ko ga mai limfomar fata da ta yi nisa.

Ɓerayen da Castle da ɗalibansa suka fara da su, da yawansu daga hannun wata mata suka fito, Abbie Lathrop, tsohuwar malamar makaranta da rashin lafiya ta raba da aji. Ta gwada kiwon kaji a ƙauyen Granby bai yi ba, ta koma kiwon ɓeraye na sha'awa, har ta tara dubbai. Ita da kanta ta lura da ƙari a jikin dabbobinta, ta yi nazarinsa tare da masani Leo Loeb, suka wallafa maƙaloli. Ta rasu a 1918. Bayan shekara uku, Little ya haɗa macen ɓera mai lamba 57 da namiji mai lamba 52, dukkansu daga garkenta, baƙaƙen 'ya'yan suka zama C57BL. Ba kasafai ake ambaton matar ba, alhali lambar ɓerarta ce ke cikin sunan.

A lokacin Little na aiki a cibiyar nazarin gado ta Cold Spring Harbor, bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shugaban cibiyar, Charles Davenport, shi ne jagoran aƙidar tace irin ɗan Adam a Amurka, wadda Turawa ke kira yujeniks. Masu aƙidar sun ɗauka talauci da aikata laifi da taɓin hankali da ƙarancin basira duk gado ne, don haka maganinsu shi ne a hana masu su haihuwa, a kuma tsare iyaka kada baƙin da ake ganin irinsu bai kai ba su shigo. Little bai tsaya a gefe ba. Shi ne sakataren babban taron aƙidar na ƙasa da ƙasa da aka yi a New York a 1921, kuma a ƙarshen shekarun 1920 ya shugabanci ƙungiyarta ta Amurka. Aƙidar ba ta tsaya a zauren taro ba. Ta shiga dokar ƙayyade baƙi ta 1924, Kotun Ƙoli ta halatta yi wa mutane tiyatar hana haihuwa ba da yardarsu ba a 1927, kuma kafin a daina an yi wa fiye da mutum 60,000, galibinsu talakawa da naƙasassu da mazauna gidajen marasa galihu, a wasu jihohin kuma baƙaƙen mata suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Akan ce kowa haka yake tunani a zamanin. Ba kowa ba. Tun a shekarun 1920 wasu manyan masanan gado, irin su Thomas Hunt Morgan da Raymond Pearl, sun nuna cewa hujjojin ba su da ƙwari. Little kuma, wanda ya fi kowa sanin cewa karɓar dashe kaɗai a jikin ɓera na buƙatar ƙwayoyin gado barkatai, shi ya kamata ya fara shakkar masu cewa talaucin mutum na bin jini kamar launin gashi.

Yana da shekara 33 aka naɗa shi shugaban jami'ar Maine a 1922, bayan shekara uku ya koma jami'ar Michigan, wadda ta fi girma nesa ba kusa ba. Can zama bai yi daɗi ba. Ya hana ɗalibai motoci, ya sa ido kan shan giya a gidajensu, ya kawo sabon tsarin karatu malamai suka yi fatali da shi, ya kuma riƙa hawa mumbari yana wa'azin ƙayyade iyali da tace iri a jihar da malaman coci ke da ƙarfi. Aurensa na fari ma ya mutu a tsakanin. A 1929 ya ajiye aiki. Abin da ya tsira da shi daga Michigan shi ne abota da attajiran Detroit masu ƙera motoci, musamman Edsel Ford da Roscoe Jackson na kamfanin Hudson, waɗanda ke hutun bazara a wani tsibiri na jihar Maine. Su suka ba shi kuɗin gina ɗakin binciken ɓeraye a garin Bar Harbor. Jackson ya rasu kafin a gama, aka sa wa wurin sunansa. Ba a daɗe ba kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1929, aljihun masu bayarwa ya bushe.

Talauci ne ya sa Little ya fara sayar da ɓeraye a 1933, abin da masana suka saba yi wa juna kyauta. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ciniki ya ciyar da ɗakin binciken, ya kuma yaɗa tsatson ɓerayensa ko'ina, har ya zamana duk wanda ke son a yarda da sakamakonsa sai ya faɗi tsatson da ya yi aiki da shi. A shekarun nan ne kuma ɓerayen suka yi wa maigidansu gardama. Little na neman nuna cewa sankarar mama gado ce. Da aka haɗa tsatso mai yawan sankarar da marar yawa, sai aka ga 'ya'yan uwa suke bi, uba bai da tasiri sosai. A 1936 ma'aikacinsa John Bittner ya raba jarirai da uwayensu ya ba wata ta shayar, sankarar ta ragu ƙwarai. Ashe wani abu ne ke bin nono, wanda daga baya aka gane ƙwayar cuta ce ta bairos. Wato a cikin gidan Little aka nuna cewa abin da ya shigo jiki daga waje na iya haddasa sankara, gado kuma ya taimaka ko ya hana.

Tun 1929 yana riƙe da wani muƙamin, babban daraktan ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka, har zuwa 1945. A nan ya yi aiki na gaske. A lokacin mutane na ɓoye sankara kamar abin kunya, ƙungiyar ta tara rundunar mata 'yan sa-kai suna bi gida-gida suna koya wa jama'a alamomin cutar da muhimmancin zuwa asibiti da wuri. Da majalisa ta kafa Cibiyar Sankara ta Ƙasa a 1937, yana cikin majalisar mashawartanta ta farko, kuma kuɗin gwamnati ya fara kwarara zuwa binciken da ake yi da tsatson ɓeraye. A wani ɗan littafin wayar da kai na 1944 ya ja kunnen jama'a cewa, ko da hujja ba ta kammala ba, cika huhu da hayaƙin taba a kai a kai ba dabara ba ce. Ya dace a riƙe wannan shekara a zuci.

Amfanin ɓeran da aka dasa wa ƙari ya fito fili a 1942, lokacin da Alfred Gilman da Louis Goodman na jami'ar Yale suka gwada wani ɗan'uwan iskar guba ta yaƙi a kan ɓera mai limfoma, ƙarin ya motse, sannan aka gwada a kan mutum. Nan maganin sankara na sinadari ya samo asali, kuma har yau ana shafa irin wannan sinadarin, mekloretamin, a fatar masu limfomar fata. Daga baya Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta shafe shekaru tana tace dubban sinadarai a kan sankarar jini da ake dasawa a jikokin DBA.

A Oktoban 1947, bayan fari mai tsanani, gobarar daji ta cinye wani babban yanki na tsibirin, ta haɗa da ɗakin binciken. Ɓeraye kimanin 90,000 suka ƙone. George Snell, wanda ya shafe shekaru yana haɗa tsatso na musamman don gano ƙwayoyin gadon da ke sa jiki ya ƙi dashe, ya koma farko. Amma da yake an riga an sayar da ɓerayen ko'ina, masana daga jami'o'i daban-daban suka riƙa aiko da ma'aurata, garken ya dawo, ginin ya fi na da. Snell ya kammala aikinsa, ya sami kyautar Nobel a 1980. Da Little ya yi ritaya a wannan gaɓa, da labarinsa ya fi sauƙin bayarwa.

A 1950 aka wallafa manyan nazarce-nazarce biyu, na Richard Doll da Bradford Hill a Ingila, da na Ernst Wynder da Evarts Graham a Amurka, duk suna nuna cewa masu sankarar huhu kusan dukkansu mashaya sigari ne. Kamfanonin taba suka ce ƙididdiga ce kawai. Sai a Disamban 1953 Wynder da Graham da Adele Croninger suka fitar da gwajin da ya girgiza kasuwa: sun tara kwaltar hayaƙin sigari, suna shafawa a askakken bayan ɓeraye sau uku a mako, kashi 44 cikin ɗari suka kamu da sankarar fata. A cikin watan shugabannin manyan kamfanonin suka haɗu a otal ɗin Plaza na New York da kamfanin gyaran suna na Hill & Knowlton. Shawarar da aka yanke ita ce kada a yi musu da kimiyya kai tsaye, a rungume ta, a ce ana buƙatar ƙarin bincike. Ranar 4 ga Janairu, 1954, sanarwarsu ta fito a jaridu fiye da 400, tana alƙawarin kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin masani mai mutunci da ba a shakkar gaskiyarsa. Ofishin kwamitin na cikin dogon benen Empire State, hawa ɗaya a ƙarƙashin ofishin masu gyaran sunan. Masanin da aka samo shi ne Clarence Little, uban ɓeran gwaji, tsohon jagoran yaƙi da sankara, mai lofe a baki.

Ya riƙe muƙamin daraktan kimiyya na kwamitin shekara goma sha bakwai. A duk tsawon lokacin maganarsa ɗaya ce: ba a tabbatar ba. Ya ce haɗuwar abu biyu a ƙididdiga ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan, ya ce mai yiwuwa gado guda ne ke sa mutum sha'awar taba ya kuma sa shi sankara, ya ce fatar ɓera ba huhun mutum ba ce. A 1955 ya shaida wa masu kallon talabijin cewa ba a gano wani sinadari mai haddasa sankara a sigari ba, a shekarun da masanan sinadarai na kamfanonin ke rubuta rahotannin cikin gida kan irin waɗannan sinadarai. Kwamitin ya raba kuɗi masu yawa ga masana na ƙwarai, su nazarci gado da bairos da garkuwar jiki, kusan komai ban da abin da hayaƙi ke yi wa huhu. Ko da babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahotonsa ranar 11 ga Janairu, 1964, yana cewa sigari na haddasa sankarar huhu, Little bai gusa ba.

Maganarsa kan fatar ɓera tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta yi tasiri. Masu binciken limfomar fata a yau su ne na farko wajen yarda cewa ɓera ba mutum ba ne. Fatarsa siririya ce mai gashi, rayuwarsa shekara biyu ce zuwa uku, cutar kuwa kan ɗauki shekaru gommai a jikin mutum. In aka dasa ƙwayoyin majinyaci a ɓeran da aka cire wa garkuwar jiki, irin wanda ɗakin binciken Jackson ya samar mai suna NSG, ƙarin na tsirowa amma ba a ganin kokawarsa da garkuwa. In aka sauya wa ɓera ƙwayar gado don ya kamu da cutar da kansa, wani ɓangare nata kawai yake kwaikwaya. Tsatso ɗaya kuma halitta ɗaya ce, majinyata kuwa sun bambanta, har a Amurka cutar ta fi yawa ta kuma fi tsanani a tsakanin baƙar fata. Saboda haka suke haɗa shaidar ɓera da ta asibiti, kowace ta cike giɓin 'yar'uwarta. A batun taba an riga an haɗa su tun 1953. Little ya raba su, ya ce ta mutane ƙididdiga ce kawai, ta ɓera kuma dabba ce kawai, ta yadda ba wata shaidar da za ta taɓa isa.

Masana tarihi sun yi ta muhawara ko kuɗi ne ya saye shi ko imani ne ya rufe masa ido. Alamu sun fi karkata ga cewa ya yarda da abin da yake faɗa, domin tun yana saurayi gado yake gani a ƙarƙashin komai, daga launin ɓera har talaucin mutum. Kamfanonin ba su buƙaci ya yi ƙarya ba, sun nemo wanda ra'ayinsa ya riga ya dace da bukatarsu ne, suka ba shi ofis da lasifika. Wannan bai rage nauyin da ke kansa ba, tun da shi ne ya rubuta gargaɗin 1944, kuma a gidansa Bittner ya yi gwajin nono. A 1965 kashi 42 cikin ɗari na manyan Amurkawa na shan sigari, da yawansu kuma sun ji cewa masana ba su gama daidaitawa ba. Dabarar sayen shakku da sunan ƙarin bincike ta yi aiki har wasu masana'antu suka ara, ciki har da masu musun sauyin yanayi.

Little ya bar shugabancin ɗakin binciken Jackson a 1956. Ya rasu da ciwon zuciya ranar 22 ga Disamba, 1971, a Ellsworth ta jihar Maine, yana da shekara 83, yana kan kujerarsa ta kwamitin taba. Kwamitin ya rayu har 1998, lokacin da jihohi 46 suka yi sulhu da kamfanonin kan sama da dala biliyan 200, rusa shi na cikin sharuɗɗan. A 2006 wata alƙaliyar kotun tarayya, Gladys Kessler, ta yanke cewa kamfanonin sun shafe shekaru hamsin suna haɗa baki wajen yaudarar jama'a.

Da aka tashi karanta dukkan ƙwayoyin gadon ɓera, aikin da aka wallafa a 2002, tsatson C57BL/6 aka zaɓa, kuma ɗakin binciken Jackson na aika miliyoyin ɓeraye duk shekara zuwa ƙasashen duniya. A 2020 ɗakin binciken ya cire sunan wanda ya kafa shi daga zauren taronsa, jami'ar Maine ma ta cire daga wani gininta a shekarar. Michigan ta riga su. Bayan ɗalibai da malamai sun yi ta ƙorafi da zanga-zanga, hukumar jami'ar ta kaɗa ƙuri'a a Maris na 2018 ta sauke sunansa daga ginin kimiyya, aka koma kiran ginin da lambar adireshinsa a kan titi.